Kundin ƙaramar hukuma: inda ake raba iko babu mai kallo

Galibi a watan Mayu majalisun ƙananan hukumomin Ingila ke yin babban zamansu na shekara. Ranar ce ake rataya wa sabon magajin gari na ban-girma sarƙarsa ta zinariya, a raba kujerun kwamitoci, kowa ya sa kayansa na fita kunya. Na halarci irin wannan zama a garin da nake zaune, ina daga benen 'yan kallo. Muna da yawa da farko, don iyalai sun zo taya nasu murna. Ana gama rataya sarƙa suka watse zuwa ɗaukar hoto, muka rage mu huɗu, ɗayanmu ma ɗan jarida ne da ke ta duba agogo.

Can kusa da ƙarshen ajanda akwai batu mai layi ɗaya: gyaran kundin tsarin mulkin majalisa. Wanda ya gabatar da shi ya ce ƙananan gyare-gyare ne na daidaita rubutu, kuma kwamiti ya riga ya duba. Wani ya mara masa baya. Hannaye suka tashi, suka sauka. Ban yi zaton abin ya cinye minti biyar ba.

Da daddare na buɗe takardun da aka liƙa a bayan rahoton, na bi su layi-layi. An gutsure rabin lokacin da jama'a ke da shi na yin tambaya a zaure. An ƙara kwanakin da mai tambaya zai aiko da tambayarsa a rubuce kafin zama. An ɗaga adadin kuɗin da jami'i zai iya kashewa ba tare da maganar ta je gaban kansiloli ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: an ƙara yawan kansilolin da za su sa hannu kafin a dakatar da wani mataki na masu zartarwa a sake duba shi, kuma sabon adadin ya ɗara yawan 'yan adawar majalisar baki ɗaya da mutum ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa doka. Amma tun daga daren nan na daina ɗaukar gyaran kundi a matsayin aikin lauyoyi da magatakarda.

Mai karatu zai iya mamakin jin cewa ƙaramar hukuma na da kundin tsarin mulki, a ƙasar da ita kanta ba ta da kundi guda rubutacce. Dokar ƙananan hukumomi ta 2000 ce ta wajabta shi. Kowace majalisa sai ta rubuta yadda take aiki: wa ke da ikon yanke me, yadda ake zama, yadda ake ba da kwangila, yadda ake kashe kuɗi, ladubban da kansila zai kiyaye, da abin da mazaunin gari ke da haƙƙin sani. Doka ta ce a ajiye shi a babban ofis, duk wanda ya so ya zo ya duba, yanzu kuma kusan kowace majalisa ta sa nata a intanet. Yakan kai ɗaruruwan shafuka. Shi ya sa mutane ke tsoronsa, har da kansilolin da suka zauna ƙarƙashinsa shekara da shekaru.

Kafin 2000 tsarin kwamitoci ake bi kusan ko'ina. Kwamitin ilimi ya yanke na makarantu, na gidaje ya yanke na gidaje, kuma ana raba kujeru gwargwadon ƙarfin kowace jam'iyya. Gwamnatin Tony Blair ta ce wannan tsari na da nawa, kuma idan abu ya lalace ba a sanin wuyan wanda za a kama. Sai ta kawo tsarin zartarwa: ko dai jagoran majalisa da muƙarrabansa, ko magajin gari da jama'a suka zaɓa kai tsaye da nasa muƙarraban, waɗanda duka-duka ba za su wuce mutum 10 ba. Sauran kansiloli aikinsu ya koma amincewa da kasafin kuɗi da bin diddigin abin da masu zartarwa ke yi. Ƙananan majalisun da jama'arsu ba su kai 85,000 ba ne kawai aka bari su ci gaba da kwamitoci. A 2011 wata sabuwar doka ta sake buɗe ƙofa: majalisar da ta ga dama ta koma kwamitoci, kuma idan kashi 5 cikin 100 na masu zaɓe suka sa hannu a takardar koke, dole a yi ƙuri'ar raba gardama. Abin da aka zaɓa ta ƙuri'ar jama'a sai ya shekara 10 kafin a taɓa shi, wanda majalisa ta yanke da kanta kuwa shekara 5.

Tun daga nan, duk gardamar da ake yi a kan wannan zaɓi take ƙarewa: magajin gari, jagora, ko kwamitoci. Birnin Sheffield ne ya fi kowa nuna abin da ke kai mutane bango. A 2012 majalisar birnin ta ƙulla kwangilar shekara 25 da kamfanin Amey, ta kusan fam biliyan 2.2, don gyaran tituna. A ƙarƙashinta aka shiga sare itatuwan bakin titi, har aka kayar da sama da 5,000, da yawansu lafiyayyu. Ranar 17 ga Nuwamban 2016, tun duhun asuba, 'yan sanda suka riƙa buga ƙofofin mutanen titin Rustlings suna cewa su fito su kawar da motocinsu, masu zarto na biye. An kama mutum uku, biyu daga ciki mata ne 'yan fansho. Wani kwamiti mai zaman kansa da majalisar da kanta ta kafa ya ba da shawarar a bar yawancin itatuwan wannan titi, amma sai da asubar ranar aka saki rahotonsa, lokacin da babu wanda zai iya amfani da shi. Sai a 2018, bayan an matsa da dokar 'yancin samun bayanai, jama'a suka ga cewa kwangilar ta ambaci sauya itatuwa 17,500, kusan rabin na titunan birnin.

Mutanen Sheffield suka duba suka ga kansila 84 suka zaɓa, amma 10 ne ke da ta cewa. Suka tara sa hannu kusan 26,000, aka yi ƙuri'a a watan Mayun 2021, wajen kashi 65 cikin 100 suka zaɓi kwamitoci. Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta, wanda ya fito a Maris na 2023, ya tabbatar da cewa majalisar ta ɓatar da jama'a, har ma da kotu, daga baya kuma ta fito ta nemi gafara.

Na ji daɗin abin da suka yi, kuma da ina can da na sa hannu. Sai dai a wannan shekara ta 2021, a watan Oktoba, mutanen Croydon da ke kudancin Landan su ma sun guje wa tsarin jagora da muƙarrabai, amma gabas suka nufa yayin da Sheffield ta yi yamma: kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a magajin gari zaɓaɓɓe suka nema. Wata bakwai bayan haka Bristol, wadda ta zaɓi magajin gari a 2012, ta ce ta gaji da shi, kashi 59 cikin 100 suka nemi kwamitoci. Hartlepool da Stoke-on-Trent da Torbay duk sun ɗanɗana magajin gari sun tofar. Nottinghamshire ta koma kwamitoci a 2012, ta sake dawowa wurin jagora a 2022. Kowane gari abin da ya ƙone shi yake gudu, ya faɗa wanda ya ƙone maƙwabcinsa. Croydon ta zaɓi magajin garinta na farko a Mayun 2022, amma a Nuwamban shekarar ta sake shelanta cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, karo na uku ke nan. Wirral kuwa, da ta koma kwamitoci a 2020, shekara guda bayan nan binciken da gwamnati ta sa aka yi ya zarge ta da kauce wa matakai masu ɗaci a kan kuɗi.

Abin da na fahimta shi ne, ana yaƙi a kan rufin ɗaki alhali gara na cin ginshiƙi. Sunan tsarin yana da tasiri, ban musa ba. Amma ainihin rabon iko yana cikin shafukan tsakiya, waɗanda ko masu fafutuka ba kasafai suke kaiwa gare su ba, kuma su ne ake gyarawa kowace shekara cikin minti biyar.

A ɗauki Thurrock, wata majalisa a Essex da ba ta kai manyan birane girma ba. Ta ciyo bashin da ya kai wajen fam biliyan 1.5, yawancinsa na ɗan gajeren lokaci daga hannun wasu majalisu, ta zuba fam miliyan 655 a harkar gonakin wutar hasken rana ta hannun ɗan kasuwa guda. 'Yan jarida sun shafe shekaru suna neman a faɗa musu inda kuɗin ya tafi, majalisar na cewa sirrin ciniki ne. A Satumban 2022 gwamnati ta shiga tsakani, a Disamba aka fitar da sanarwar sashe na 114, wato takardar da ma'ajin majalisa ke fitarwa idan kuɗin da za a kashe ya fi ƙarfin abin da ake da shi, wadda ke tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi in ban da na dole. Rahoton binciken da ya fito a Yunin 2023 ya nuna an sakar wa jami'in kuɗi ikon zuba jari mai faɗin gaske, kansiloli kuma ba su bi sawu yadda ya kamata ba. Wannan iko ba da bindiga aka ƙwace shi ba. A rubuce aka miƙa shi, a zaman majalisa, hannaye suka tashi suka sauka.

Haka Croydon ta ranta wa kamfanin gine-ginenta mai suna Brick by Brick kusan fam miliyan 200, kuma lokacin da masu binciken kuɗi suka fitar da rahotonsu a Oktoban 2020 kamfanin bai mayar mata da ko riba ko kuɗin ruwa ba. Woking, gari mai mutum wajen 100,000, ta tara bashin da ya doshi fam biliyan 2 wajen gina dogayen benaye. A duk waɗannan wurare akwai kundi, akwai kwamitin bin diddigi, akwai jami'ai ukun da doka ta ɗora wa nauyin tsare gida: shugaban ma'aikata, ma'aji, da jami'in kula da bin doka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a irin waɗannan shafuka take farawa.

Bari in tsaya a kan ma'anar "babban mataki", domin nan ne na ga wayo ya fi yawa. Doka ta ce idan masu zartarwa za su ɗauki babban mataki, sai sun sanar da jama'a kwana 28 kafin lokaci. Babban mataki kuwa shi ne wanda ya shafi kuɗi masu yawa, ko wanda zai taɓa rayuwar mutanen mazaɓu biyu ko fiye. To, nawa ne kuɗi masu yawa? Doka ba ta faɗa ba, kowace majalisa ke rubuta nata adadi a kundinta. Wata ta ce fam dubu 100, wata dubu 500, wata miliyan guda. Duk ranar da aka ɗaga wannan adadi, wani tarin matakai ya fita daga jerin da jama'a ke gani tun da wuri. Ana iya rufe cibiyar kula da tsofaffi ko a sayar da fili, mutanen unguwa su ji labari bayan an sa hannu. Kuma dalilin da ake bayarwa kullum mai ma'ana ne: farashi ya tashi, adadin ya tsufa. Sau da yawa gaskiya ne. Abin da ban taɓa gani ba a rahoton gyaran shi ne jerin matakan shekarar da ta wuce waɗanda da sabon adadin ne ke aiki da ba a sanar da su ba. Aikin rabin yini ne ga magatakarda, kuma da shi kaɗai kansila zai san abin da yake ɗaga wa hannu.

Sai maganar gaggawa. Idan abu ba zai jira kwana 28 ba, akwai hanyar tsallakewa, in kuma ya matsa ƙwarai, amincewar shugaban kwamitin bin diddigi ake nema. Haka nan kundin majalisu da yawa ya ce matakin gaggawa ba a yi masa kiranye, wato ba a dakatar da shi a mayar gaban kwamiti. Kenan nauyi mai yawa ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Wane ne shi? Doka ba ta ce lallai ya fito daga adawa ba, don haka a wurare da yawa ɗan jam'iyya mai mulki ne, wanda kujerarsa da alawus ɗinta daga hannun jam'iyyar da yake bin diddiginta suka fito. Ba na zargin kowa da rashin gaskiya. Amma an ba kura ajiyar nama, ko da kuwa kurar mai kunya ce. Kwamitin majalisar dokokin ƙasar da ya duba wannan al'amari a Disamban 2017 ya nuna damuwa kan yadda ake raina aikin bin diddigi da yadda ake hana masu yinsa bayanai, a 2019 gwamnati ta fitar da jagora a kai. Jagora dai shawara ce mai nauyi, kundin kowace majalisa ne zai mai da ita aiki ko ya bar ta a takarda. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Rotherham, inda rahoton Farfesa Alexis Jay na 2014 ya ƙiyasta cewa an ci zarafin yara aƙalla 1,400 tsakanin 1997 da 2013, binciken Louise Casey na 2015 kuma ya tarar da majalisar da ba ta son jin tambaya.

Akwai hujjar da masu ɗaya ɓangaren ke kawowa, kuma tana da ƙarfi. Majalisa ba za ta yi aiki ba in komai sai ya zo zaure. Sama da kashi 90 cikin 100 na takardun neman izinin gini jami'ai ne ke yanke su, kuma daidai ne, don doka ta ba da mako 8 ga ƙananan gine-gine, mako 13 ga manya, kansilolin kuwa yawancinsu suna da ayyukansu na neman abinci, da yamma suke zama. Mai son ƙara ɗaki a bayan gidansa bai kamata ya jira mutum 15 su hallara ba. Na kuma ga yadda wasu 'yan adawa ke mai da kiranye makamin ɓata lokaci, na ga mutum ɗaya ya cinye lokacin tambayoyi wata bayan wata da maimaita abu guda. Duk na yarda. Abin da nake cewa shi ne, in an miƙa iko a ajiye igiyarsa a hannu: a rubuta iyakarsa da lamba, a sa wanda aka ba ya dawo ya faɗi abin da ya yi da shi a fili kowane wata uku, a kuma sa masa ranar da zai ƙare in ba a sabunta ba. Maganin mai cinye lokaci kuwa shi ne a taƙaita masa nasa, ba a yanke na gari duka saboda shi ba.

Maganar tambayar jama'a ta fi taɓa ni saboda abin da na gani da idona. Mutane da yawa ba su san cewa shiga zauren majalisa a zauna a saurara haƙƙi ne na doka ba. Asalinsa ma ƙudurin da Margaret Thatcher ta gabatar ne a jawabinta na farko a majalisar dokoki a 1960, tun tana sabuwar wakiliya. Tun 2014 kuma an halatta wa kowa ya ɗauki bidiyon zaman. Amma buɗe baki a yi magana ba ya cikin doka, kyauta ce daga kundi, kuma hannun da ya bayar na iya karɓewa. Watanni bayan wancan gyara, na tarar da wata dattijuwa a bakin zaure, riƙe da takarda da ta rubuta da hannunta. Cibiyar da take kai mijinta mai ciwon mantuwa kwana biyu a mako aka ce za a haɗe ta da wata a ɗaya ƙarshen gari, ita kuma ba ta tuƙi. Magatakardar, yarinya mai ladabi, ta ce mata, "Ki yi haƙuri, Mama, tambayarki ta iso a makare, wa'adin ya sauya." Dattijuwar ta ce ai bara haka ta kawo kuma aka karɓa. Yarinyar ta ce haka ne, bara ke nan. Ta ninke takardarta ta sa a jaka, ta hau bene ta zauna kusa da ni har aka tashi, ba ta ce uffan ba. Zama na gaba sai bayan wata biyu, kafin nan an gama magana.

Cikin waɗanda suka ɗaga hannu a watan Mayu babu wanda ya yi nufin rufe bakin wannan baiwar Allah, na tabbata. Ba su karanta ba ne, ko sun karanta ba su hango fuskar kowa a bayan layin ba.

Wannan ya kawo ni kan wanda ke yin gyaran. Bisa ƙa'ida, cikakken zaman majalisa ne kaɗai ke da ikon sauya kundi, in ban da ƙananan gyare-gyare da akan bar wa jami'in kula da bin doka. A aikace, wani ƙaramin kwamitin aiki ne ke tsara komai, sau da yawa ba a buɗe zamansa ga jama'a, masu rinjaye ne suka fi yawa a ciki, kuma ajanda kwana biyar kacal doka ta ce ta fito kafin zama. Wato waɗanda kundin ya zo ya ɗaure su ne ke auna tsawon igiyar. Na taɓa faɗa wa wani kansila da muke gaisawa haka, mutumin kirki da ya daɗe a harkar. Ya ce, "Malam, ai mu jama'a suka zaɓa, in ba mu gyara ba wa zai gyara?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in zaɓe mai zuwa ya juya kuka koma benci na adawa, wannan doka ta kiranye za ka so ka tarar da ita yadda kuka bar ta?" Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma da suna adawa sun yi kuka da irin wannan. Ban ji ya ce zai nemi a sauya ba, amma ya faɗi gaskiya, kuma na girmama shi a kan haka.

Ba na neman a karɓe alƙalamin daga hannun kansiloli. Su aka zaɓa, su za su amsa. Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace majalisa ba, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka daga Landan. A daina cusa gyaran kundi a zaman bikin shekara, a ba shi zamansa. A fitar da tsohon rubutu da sabo gefe da gefe wata guda kafin lokaci, da bayani cikin harshen da mai sayar da jarida zai gane, a ce ga wanda ikonsa ya ƙaru, ga wanda nasa ya ragu. Duk gyaran da ya taɓa haƙƙin jama'a ko na marasa rinjaye a karanta shi a zama ɗaya, a kaɗa masa ƙuri'a a zama na gaba. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, kundin majalisu da yawa ya tanadi haka game da dokokin zama, sai dai akan kewaye shi ta hanyar kawo gyaran a matsayin shawarar kwamiti. A kuma rubuta sunan kowane kansila da ɓangaren da ya kaɗa wa, kamar yadda doka ta tilasta tun 2014 a kan kasafin kuɗi. In kuɗin shekara guda ya cancanci a san wanda ya ce e da wanda ya ce a'a, dokokin da za a yi shekaru ana kashe kuɗi a ƙarƙashinsu sun fi cancanta. Babban bita kuwa, na dukan kundin, a yi shi a tsakiyar wa'adi, lokacin da babu wanda ya san wa zai ci zaɓe na gaba, a sa mutanen gari a teburin, musamman irin waɗanda suka taɓa kawo koke suka sha wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A watan Yunin 2025 gwamnati ta bayyana niyyarta ta soke tsarin kwamitoci a majalisun Ingila, ta kuma hana ƙirƙirar sababbin kujerun magajin gari na majalisa, a Yuli ta shigar da ƙudurin gaban majalisar dokoki. Hujjarta ita ce ta Blair: a san mai alhaki, a rage nawa. Na riga na ce ban ɗauki kwamitoci a matsayin maganin kowace cuta ba, amma wannan niyya ta ɓata mini rai. Mutanen Sheffield sun bi doka tiryan-tiryan, sun tsaya a kasuwanni da tashoshin bas cikin sanyi suna tara sa hannu, sun ci ƙuri'a, an yi musu alkawarin shekara 10. In minista zai iya tunanin share wannan da alƙalami ɗaya, da wane baki za a ce wa jagoran ƙaramar majalisa ya mutunta lokacin tambayar dattijuwa? Kuma Thurrock da Woking da Croydon, waɗanda suka jefa jama'arsu cikin bashi, duk a ƙarƙashin tsarin jagora da muƙarrabai suka yi hakan, tsarin da gwamnati ta nemi mayarwa na kusan kowa a 2025.

Abin da ya fi wannan girma yana tafe. Takardar manufofin da gwamnati ta fitar a Disamban 2024 ta ce za a rushe tsarin hawa biyu a yankunan da ke da shi, a haɗe majalisun gundumomi da na lardi su zama manyan majalisu guda-guda, ana hasashen yawancinsu kowace ta ɗauki mutum 500,000 ko fiye. Kowace sabuwar majalisa sai ta rubuta kundi daga shafin farko, kuma za ta yi haka ne a daidai lokacin da hankalin kowa ke kan haɗa ma'aikata, da kwamfutoci, da motocin kwashe shara, da biyan albashin watan farko. Mafi sauƙi shi ne a ɗauko kundin babbar majalisar da aka gada a sauya suna a bango, da adadinta na babban mataki, wanda aka yanka don kasafin lardi guda, a ɗora shi kan ƙauyen da fam dubu 100 ke nufin ɗakin karatunsa da filin wasan yaransa. Kansiloli za su ragu, mazaɓu za su faɗaɗa, zauren zai yi nisa da mai zuwa a bas. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk wanda yankinsa ke cikin wannan haɗaka ya nemi daftarin tun yana hannun majalisar riƙo, ya tsallake gabatarwa, ya wuce kai tsaye zuwa jadawalin rabon iko da dokokin kuɗi da dokokin zama, ya ɗauki fensir.

Namu kundin an sake sa shi a ajandar watan Mayu mai zuwa. Na aika tambayata tun da sauran mako uku, na kuma buga wa dattijuwar nan kwafin shafin da ya ƙunshi sabon wa'adi, na ja layi a ƙarƙashin ranar. Ta ce za ta zo in ta sami wanda zai zauna da mijinta.